Yadda Ake Zama Marubucin Siteno na Nan-Take: Jagora ga Matasanmu na Saudiyya

Tun da bidiyoyin masu danna wani ɗan ƙaramin inji a kotunan Amurka suka fara yawo a wayoyinmu, tambaya ɗaya matasanmu na Makka da Jidda da Madina suke ta maimaita mini: wannan wane irin aiki ne, ana samun kuɗi da shi, kuma mutum zai iya koyonsa yana zaune a nan? Har iyaye sun tambaya saboda 'ya'yansu mata, kuma da gaskiyarsu, domin a Amurka mafi yawan masu sana'ar mata ne. Saboda haka duk inda na ce "kai" a ƙasa, har da ke nake.

Aikin shi ne rubuta duk abin da aka faɗa a zaman shari'a, kalma da kalma, a daidai lokacin da ake faɗarsa. Kafin lauya ya rufe baki, maganarsa ta fito a allon kwamfutar alƙali da ta lauyan ɗaya ɓangaren. Injin da ake yi da shi sunansa siteno. Ana iya koya daga Saudiyya, kuma akwai samu a ciki. Sai dai matakan suna da jeri, kuma duk wanda ya fara da sayen inji tun bai san inda zai yi aiki ba, yawanci a saman kabad injin yake ƙarewa.

1. San inda aikin yake tukuna

Ba a mahkamar garinku za ka same shi ba. A dokar Saudiyya harshen kotu Larabci ne, wanda ba ya ji a sa masa tafinta, kuma katibin zama ne yake rubuta abin da ya gudana. Wannan aikin gwamnati ne na 'yan ƙasa, ta sanarwar Ma'aikatar Shari'a ake nemansa, kuma hanyarsa daban take. Abin da nake bayani a kai aikin Turanci ne tsantsa, duk jarrabawoyin da zan ambata ma na Turanci ne.

A yankinmu, gidan wannan sana'a shi ne zaman tahkimi, wato inda manyan kamfanoni suke kai rigimarsu gaban masu hukuncin da suka zaɓa da kansu maimakon kotu. Dokar tahkimi ta Saudiyya ta 2012 ta yarda ɓangarorin su zaɓi wani harshe ba Larabci ba, kuma rigingimun manyan kwangilolin gini da makamashi da ake yi da kamfanonin waje sau da yawa da Turanci ake sauraronsu. Akwai cibiyar tahkimi ta SCCA a Riyad, akwai DIAC a Dubai. Kotunan yankunan hada-hadar kuɗi na DIFC a Dubai da na ADGM a Abu Dabi da Turanci suke zama, haka ma kotun ƙasa da ƙasa da ke Doha. Kamfanoni irin su Opus 2 da Epiq ne suke kawo marubuta irin waɗannan zaman, kuma da yawa daga cikin marubutan jirgi suke hawa daga Landan ko wata ƙasar, su yi mako guda su koma. Wannan giɓin shi ne damarka.

Kasuwa ta biyu Amurka ce, kuma ita ce mafi girma: kotuna, da zaman ɗaukar bayanin shaida a ofishin lauya kafin a shiga kotu. Ta uku, rubuta magana nan-take domin kurame a aji da taro da talabijin.

Gargaɗi: kada wani ya ruɗe ka da cewa za ka zauna a Jidda kana ɗaukar bayanin shaidun Amurka ta Zoom da zarar ka ƙware. A can marubucin ne yake rantsar da shaida, kuma jihohi da yawa, irin su Kalifoniya da Teksas, sai da lasisinsu na jiha. Abin da ake iya yi daga nesa cikin sauƙi shi ne gyaran kwafi, zan zo kansa a mataki na 9.

2. Gwada kunnenka

Yatsu suna koyo, amma ba za su rubuta abin da kunne bai kama ba. Yawancin yaranmu da suka tashi a nan Larabcinsu ya fi Turancinsu nesa ba kusa ba, don haka kada ka tsallake wannan gwajin.

Kotun Ƙolin Amurka tana saka muryar muhawarar lauyoyi a shafinta kyauta, tare da rubutaccen kwafinta. Ɗauki minti biyu daga tsakiyar wata muhawara. Saurara, kana tsayarwa kana rubutawa da hannu, har ka gama, sannan ka buɗe kwafin ka gwada. Idan a kowane layi akwai kalmar da ta wuce ka, ko ba ka san inda ake sa waƙafi da aya ba, ajiye maganar siteno na wata shida ko shekara ka gyara Turancinka. Ba asara ka yi ba, ko da ka fasa siteno daga baya Turancin yana nan.

Idan ka haye, ƙara da sauraron bakuna daban-daban. A zaman tahkimi na yankin nan lauya Bature ne ɗan Ingila, shaida injiniya ne ɗan Indiya, gwanin lissafin kuɗi ɗan Labanon, wani kuma Bamisire. Kowa da yadda yake murɗa Turancinsa, kuma dukansu kai ne za ka rubuta.

3. Daidaita takardunka

Wannan gajere ne amma yana iya rushe komai. Ɗan ƙasa zai iya neman takardar aikin kai da Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam take bayarwa ta intanet, ya yi hulɗa da kamfanoni da sunansa. Mai igama kuwa, wato baƙo mai takardar zama, doka ba ta yarda ya yi wa wani aiki ba sai wanda ya ɗauke shi. Wanda aka kama yana yi, akwai tara, akwai kora. Haka wanda yake ƙarƙashin igamar mahaifinsa ko wadda take ƙarƙashin ta mijinta, haka ɗalibin minha, wato mai tallafin karatu, a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura. Koyo babu wanda ya hana ka. Amma ranar da za ka fara karɓar kuɗi, ya zama akwai kamfanin da ya ɗauke ka da kwantiragi a Qiwa, shafin gwamnati na kwantiragin ma'aikata, ko kuma ka shirya yin aikin daga Dubai ko daga gida Najeriya ko Nijar.

Kuma jarrabawar da ake yi ta intanet sai ka nuna wa kyamara shaidarka mai hoto wadda ba ta ƙare ba. Fasfon da ya mutu, a sabunta shi tun yanzu.

4. Ɗanɗana da kuɗi kaɗan

Injin siteno maɓallai 22 gare shi, ban da na lambobi, kuma babu harafi ko ɗaya a rubuce a kansu. Ba harafi-harafi ake bugawa ba. Maɓallai da yawa ake dannawa lokaci guda, kowace dannawa ta ba da gaɓa ɗaya, ko kalma, ko ma jimla sukutum. Hannun hagu yana riƙe da baƙaƙen farkon gaɓa: S, T, K, P, W, H, R. Manyan yatsu biyu suna kan wasula: A, O, E, U. Hannun dama yana da baƙaƙen ƙarshe: F, R, P, B, L, G, T, S, D, Z. A tsakiya akwai maɓallin tauraro, wanda ake goge dannawar ƙarshe da shi idan an yi kuskure.

Za ka lura hagu babu B, babu D, babu L ko M ko N. Haɗa su ake yi: P da W tare su ne B, T da K su ne D, H da R su ne L, P da H su ne M, T da P da H su ne N. Ke nan sunan Bala dannawa biyu ne, PWA sannan HRA. Kano kuma KA sannan TPHO. Abin da injin yake fitarwa kenan, wanda bai sani ba zai ce shirme ne. Manhaja ce take duba kowace dannawa a cikin ƙamus ta juya ta zuwa Turanci a allo. A tsare-tsare da yawa, idan lauya zai yi tambaya sai marubuci ya danne duk baƙaƙen hagu lokaci guda, alamar tambaya ta fito a sabon layi. Idan shaida zai amsa, ya danne na dama.

Don ka ɗanɗana, sauke Plover, manhaja ce kyauta da take mayar da kwamfutarka injin siteno. Tana buƙatar kibod mai jin maɓallai da yawa lokaci guda, irin na 'yan wasan gem da ake samu a kantin Jarir. Wanda ya fi shi ne ɗan ƙaramin kibod na siteno kamar Uni, kuɗinsa wajen dala 100, wato riyal 375, tunda dala tana kan riyal 3.75. Ƙara kuɗin jigila da daribar kashi 15 cikin ɗari, kuma tanadi adireshinka na ƙasa kafin ka yi oda. Shafin Typey Type yana ba da darussa kyauta. Ƙungiyar marubutan kotu ta Amurka, NCRA, ita ma tana da shirin gabatarwa na mako shida mai suna A to Z, kyauta ne.

Ba kanka wata biyu, awa ɗaya kullum. Abin da kake aunawa ba gudu ba ne. Kana auna ko zuciyarka tana jure zama wuri ɗaya kana maimaita abu ɗaya. Idan a mako na uku ka fara neman uzuri, ka sami amsarka da riyal ɗari biyar maimakon dubu ashirin.

5. Zaɓi tsarin rubutu da makaranta

Ba duka marubuta ne suke danna kalma iri ɗaya ba. Akwai tsare-tsare: StenEd, Phoenix, Magnum, da na kyauta irin su Plover da Lapwing. Wasu sun fi bin sauti, sauƙin koyo gare su amma dannawarsu ta fi yawa. Wasu sun dogara da gajerun hanyoyi da ake haddacewa, sun fi nauyi a kai amma sun fi sauƙi a hannu. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: tsarin ya zama yana bambanta kalmomin Turanci masu sauti ɗaya da rubutu daban, kowace da dannawarta. Tsofaffin tsare-tsare ba su damu da wannan ba saboda marubuci yana gyarawa daga baya. A aikin nan-take babu daga baya, kowa yana kallon allo.

Gargaɗi: zaɓi ɗaya ka zauna a kai. Wanda ya yi wata takwas a wani tsari sannan ya ga bidiyon wani mai gudu ya sauya, ya mayar da kansa baya da hannunsa.

Makaranta fa? A ra'ayina mai neman sana'a, ba sha'awa kawai ba, yana buƙatar malami mai duba aikinsa da jarrabawar gudu ta mako-mako. NCRA tana da jerin makarantun da ta amince da su, wasunsu ta intanet suke koyarwa gaba ɗaya. Kuɗi ya bambanta ƙwarai, daga 'yan dubban daloli zuwa dubu goma-goma, don haka kafin ka biya ka yi tambayoyi uku: suna karɓar ɗalibin da ke wajen Amurka? Biya na wata-wata ne ko dunƙule? Kuma ajin kai-tsaye ƙarfe nawa ne? Wannan ta ƙarshen ita ake mantawa. Ƙarfe 7 na yamma a New York, ƙarfe 2 ne na dare a Makka lokacin zafi, 3 lokacin sanyi. Ajin ƙarfe 9 na safiyarsu kuwa yana faɗowa 4 ko 5 na yammacinmu, ya ratsa ta kan magariba. Na wata-wata ya fi maka, saboda ba ka san tsawon lokacin da za ka ɗauka ba.

6. Hawan gudu

A nan ne yawancin mutane suke zubewa, kuma makarantun ma ba sa ɓoyewa: waɗanda suke farawa sun fi waɗanda suke gamawa yawa ƙwarai. Koyon tsarin kansa wata shida ne zuwa shekara. Daga nan sai hawa: kalma 60 a minti, 80, 100, ana ƙara ashirin-ashirin har 225. Gaba ɗaya ka sa shekara biyu zuwa huɗu a lissafinka. Duk tallan da ya ce wata shida, rufe shi.

Awa biyu zuwa uku kullum ake so, kuma a raba su ya fi a haɗa. Ga yadda zama ɗaya yake tafiya. Fara da minti goma na motsa yatsu a kan haɗe-haɗen da suke ba ka wuya. Sannan saka karatun murya wanda ya fi gudunka da kalma ashirin, ka bi shi ko kana tuntuɓe. Kada ka tsaya. Idan kalma ta kuɓuce, danna abin da ya fi kusa da ita ka wuce. Bayan minti biyar, sauko zuwa gudun da kake nema, za ka ji kamar mai karatun ya rage sauri. Daga ƙarshe sauko ƙasa da gudunka ka rubuta tsaf, babu kuskure.

Sai abin da kowa yake gudu: karanta abin da ka rubuta. Buɗe ɗanyen rubutun, bi shi layi-layi, fitar da kalmomi goma da suka fi kayar da kai, su ne darasin gobe. Za ka ga kurakuranka iri ɗaya ne suke dawowa. Ko ɗan yatsa ya shafi maɓallin kusa, ko dannawa biyu sun hau kan juna saboda ba ka ɗaga hannu sosai ba, ko ka yi shakkar wata kalma daƙiƙa ɗaya, biyar na bayanta suka tafi. Wanda yake ta bugu ba ya karantawa, kuskurensa yake horarwa.

Za ka maƙale. Kusan kowa yana samun gudun da zai tsaya a kai wata uku ko fiye, yana faɗuwa jarrabawa ɗaya mako bayan mako. Ba alamar ka kai iyakarka ba ce. Abin kamar hadda ne: wanda ya saki tilawa mako biyu ya san abin da yake tararwa. Shi ya sa nake jan kunnen 'yan Makka da Madina musamman. Lokacin mausim kowa yana neman na kansa wajen hidimar alhazai, ba laifi, amma ko minti ashirin ne kada hannunka ya kwana bai taɓa inji ba. A azumi ma haka, mayar da zaman bayan tarawi ko kafin sahur.

Kula da jiki. Injin ya zauna a kan ƙafarsa mai uku tsakanin gwiwoyinka, gwiwar hannu a lanƙwashe daidai, wuyan hannu a miƙe, kafaɗa a sake. Taɓawa ake yi, ba duka ba. Farce a yanke. Idan yatsu suka fara yin sanyi ko tsami har cikin dare, huta ka ga likita, kada ka ce za ka daure.

7. Sayen kayan aiki

Idan ka shiga makaranta, za su gaya maka injin da manhajar da suke so, yawanci injin ɗalibai. Wanda aka yi amfani da shi yana kamawa daga wajen dala 1,000 zuwa 2,000. Injin ƙwararru sabo, irin Luminex na kamfanin Stenograph, yana kai dala 5,000 zuwa sama, wato ya haura riyal 18,000 tun ba a sa dariba ba. Manhajar ƙwararru, Case CATalyst ko Eclipse, ita ma dubban daloli ce, ga kuɗin sabuntawa duk shekara. Akwai ta ɗalibai mai sauƙi.

Gargaɗi: kada ka sayi na ƙwararru kafin ka kai 180 ko 200. Inji mai tsada ba ya ƙara gudu. Idan tsoho za ka saya daga hannun wani, nemi bidiyon da yake nuna kowane maɓalli yana aiki an haɗa shi da kwamfuta, domin gyara yana nufin aika shi ƙasar waje ka zauna makonni babu inji. Manhajojin nan a kan Windows suke aiki, don haka tuna da wannan kafin ka sayi laftof. Duba cajar ko tana ɗaukar wutar 220, kuma nemi adafta, bakin filogin Amurka ba irin namu ba ne.

8. Jarrabawa

Takardar da aka fi sani ita ce RPR ta NCRA. Sashen hannu uku ne, kowane minti biyar: jawabi na gama-gari a kalma 180 a minti, jawabin alƙali ga juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke hukunci, a 200, sai tambaya da amsa tsakanin lauya da shaida a 225. Kowane sai ka samu kashi 95 cikin ɗari. Yi lissafi ka gani: minti biyar a 225 kalma 1,125 ce, kuskuren da aka yafe maka bai wuce hamsin da 'yan kai ba, kuma kalmar da ka tsallake ita ma kuskure ce. Ana ba ka minti 75 ka gyara kwafin kafin ka miƙa. Sashe-sashe ake ci, wanda ka haye ba sai ka maimaita shi tare da sauran ba. Akwai kuma jarrabawar sani, tambayoyin zaɓi a kan fasaha da ƙa'idojin aiki da ɗa'ar sana'a. Kafin ka biya mata, tabbatar da inda za ka zauna ta daga nan.

Ƙasa da RPR akwai RSR, a gudun 160 da 180 da 200. Sama da ita akwai RMR, a 200 da 240 da 260. Amma wadda take buɗe ƙofar aikin da muke magana a kai ita ce CRR: minti biyar na tambaya da amsa a 200, da kashi 96, kuma babu gyara ko ɗaya. Abin da ya fito a allo shi ake dubawa. Kalma dubu, kuskure arba'in. Sai mai RPR yake zama ta. Mai son aikin kurame da talabijin, tasa ita ce CRC, a 180. Idan kuma kamfanonin Landan kake hange, ƙungiyar BIVR ta Birtaniya tana da nata gwajin.

Sashen hannu ta intanet ake yi, da mai gadi yana kallonka ta kyamara. Haɗa kwamfutarka da igiyar intanet kai-tsaye maimakon wayfai, sa abin kunne mai igiya, share teburinka, kuma gaya wa mutanen gida kada kowa ya turo ƙofa. Duba jadawalin salla ma: idan masallaci yana jikin gidanku, kada ka zaɓi lokacin da kiran salla zai shigo tsakiyar minti biyar ɗinka. Bayan ka ci, takardar tana buƙatar awa 30 na ƙarin ilimi duk shekara uku, in ba haka ba ta faɗi.

9. Nawa ake samu

Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta sa matsakaicin samun marubutan kotu a dala 67,310 a shekara, a lissafin Mayun 2024. Rabi suna sama da haka, rabi suna ƙasa. A kuɗinmu kusan riyal 21,000 ke nan a wata, amma kafin haraji, kuma can ana cire harajin albashi, ba kamar nan ba. Kashi goma na sama suna haura dala 120,000. Kotunan tarayya na Amurka suna ƙara kashi 10 cikin ɗari a albashin wanda yake da takardar nan-take, sai dai guraben na masu takardun ƙasar ne.

Mai zaman kansa ba albashi yake ci ba. Ana biyansa kuɗin halarta, sannan kuɗin kowane shafi na kwafi, shafin kuma layi 25 ne. Wanda yake son kwafinsa washegari ko a ranar yana ƙara kuɗi, haka duk lauyan da aka haɗa wa rubutun nan-take a allonsa. A zaman tahkimi na ƙasa da ƙasa yawanci da yini ake lissafi, tare da tikiti da masauki. Wata yana iya cika maƙil, wani watan shiru, musamman tsakiyar zafi da ƙarshen shekara. Kuma sau da yawa ɓangarori suna sasantawa ana gobe zama, don haka karanta abin da kwantiragi ya ce a kan sokewa kafin ka sa hannu.

Ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce gyaran kwafi. Marubuci yana gama zama da ɗanyen rubutu mai shafi ɗari biyu ko fiye, sai ya miƙa wa mai gyara, shi kuma ya bi shi da murya yana daidaita sunaye da alamomi da inda hannu ya goce. A kasuwar Amurka ana biyan wajen dala ɗaya zuwa ɗaya da rabi a shafi. Misali shafi 200 a dala 1.25 ya zama dala 250, riyal 937, kodayake sabon hannu zai iya kwana biyu a kai. Dole manhajarka ta zama irin ta marubucin. Kuma gaya masa gaskiyar inda kake zaune tun farko, domin wasu kwantiragin sun hana fitar da fayil wajen Amurka.

Maganar na'urori masu juya murya zuwa rubutu kuwa, ba zan ce maka babu barazana ba. Kotunan manyan laifuka na Ingila sun koma naɗar murya tun wajen 2012. Ƙananan ayyukan suna ɓacewa. Abin da ya tsaya shi ne na sama, inda ake rigima a kan miliyoyi, mutum uku suna magana lokaci guda, kuma lauya yana son ya karanta abin da shaida ya faɗa minti biyu da suka wuce. Don haka idan za ka shiga, shiga da niyyar kaiwa CRR. Tsayawa a rabin hanya ba ya biya.

10. Zaman farko

Rubuta wa kamfanonin da suke aiki a Dubai da Riyad tun kana 200, ka nemi su bar ka ka zauna bayan marubucinsu kana rubutu ba tare da an haɗa ka da allon kowa ba. Nemi aikin mai gyara na cikin ɗaki ma. A manyan zaman mutum biyu ake turawa, ɗaya yana bugawa ɗaya yana gyarawa a gefensa, domin kwafin ya fita a daren. Babu makarantar da ta kai wannan kujerar. Kuma faɗa musu kana jin Larabci, domin a nan ka fi baƙon da ya sauka daga jirgi jiya. Shi sai ya tsaya tambayar yadda ake rubuta sunan shaida ko na ma'aikata, ko kalmomin Larabci irin su riba da garar da wakala da suke shigowa tsakiyar Turanci. Idan shaida ya yi magana da Larabci, Turancin tafinta kawai kake rubutawa, ko da ka ji ya kauce. Gyara fassara ba aikinka ba ne, na lauyoyi ne.

Kwana biyu kafin zama, nemi takardun shari'ar ka gina ƙaramin ƙamus na wannan aikin kaɗai: sunan kowane lauya da mai hukunci da shaida, sunayen kamfanoni da wurare, lambobin sassan kwantiragi. Idan rigimar gini ce za ka sha jin FIDIC, wato tsarin kwantiragin gini na ƙasa da ƙasa, da sassanta. Kowane suna ka ba shi dannawa ɗaya, kowane mai magana ka ba shi alamarsa. Isa wurin awa ɗaya kafin lokaci, gwada haɗin kowane allo, zana taswirar wanda ya zauna a ina. Riƙe caja biyu, igiyar haɗi biyu, da na'urar naɗar murya idan an yarda.

Idan mutum biyu suka hau kan juna da magana, ko shaida yana cin maganarsa, ɗaga kai ka gaya wa shugaban zaman cikin ladabi cewa ba ka samu ba. Tarbiyyarmu ta hana yaro katse manya, amma a ɗakin nan aikinka ne, kuma lauyoyi sun fi jin haushin giɓi a kwafi fiye da katsewa.

Gargaɗi: zaman tahkimi sirri ne, za ka sa hannu a kan haka. Kada fayil ko murya su shiga WhatsApp, kada ka ɗora su a shafukan da suke juya murya kyauta, kada labarin ya fito a majalisa ko da ba ka ambaci suna ba. Idan kuma ka duba jerin sunaye ka ga ɗan'uwanka, ko kafilinka, ko kamfanin da ka taɓa yi wa aiki, sanar da wanda ya turo ka tun kafin ranar zama, su aiko da wani.